Baƙon da Ya Ƙi Rage Tuwo

A gidanmu ba a tambayar baƙo ko ya ƙoshi, akushi ake dubawa. In an kai wa baƙo tuwo zaure, Inna takan zauna bakin murhu ta jira akushin ya dawo, kuma ba ta kai loma bakinta sai ta ɗaga faifan da aka rufe shi da shi ta leƙa. In ta tarar da saura, ko da rabin malmala ce da ɗan ruwan miya, sai ta ce, "Wanga baƙo bai ci komi ba," ta miƙo mana mu yara mu ƙarasa. Da fara'a take faɗin haka, don ma'anarsa tuwonta ya fi ƙarfin baƙo. In kuwa akushi ya dawo a suɗe, to ranar gidan ba daɗi: mutum ya tashi da sauran wuri a cikinsa, kuma laifin na masu gida ne. Sau ɗaya na ga haka da idona. Wani mai sayen fata ne ya kwana wurinmu, ya share akushin har da yatsa. Baba bai yi wa kowa magana ba sai washegari, kuma daga ranar in aka ambaci masu sayen fata sai ya kawar da kai.

Akushin kansa ba ƙarami ba ne. Baƙi ne wuluk, kakar Inna ce ta bar mata, kuma da hannu biyu ake ɗaukarsa ko babu komai a ciki. Da gangan Inna ke jera malmalar tuwon gero a ciki yadda mutum ɗaya ba zai ga bayansu ba ko da ya wuni yana noma. Shi kuma Baba nasa aikin a zaure yake. Yakan yi bisimilla, ya ɗauki loma ɗaya ko biyu don baƙo ya saki jiki, sannan ya janye hannu ya kama hira. Da baƙo ya ture akushi ya ce alhamdu lillahi, sai Baba ya leƙa, ya ɓata fuska, ya ɗaga murya yadda Inna za ta jiyo daga cikin gida: "Haba! Ba ka ci komi ba!" Baƙo ya rantse ya ƙoshi, Baba ya ce ƙarya ne, baƙo ya sake rantsewa, sannan a kawo fura. Kowa ya san nasa zancen, ba wanda ya taɓa koya wa wani. Ni dai ban taɓa ganin Baba cikin jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka cika rumbu.

Cikin baƙinmu akwai wanda ya fi kowa sanin ƙa'idar. Wani ɗan kasuwa ne daga wajen Tsibiri, can cikin Nijar, wanda mu yara muke kira Baban Faransa, tunda a wurinmu duk abin da ke bayan iyaka Faransa ne. Dogo ne siriri, mai ƙaramin ciki da babban rawani. Kowace kaka yakan zo da dabino da cuku da kanwa, ya koma da wake da gero, kuma a zaurenmu yake sauka, a ƙauyenmu da ke bayan Kamarawa. Shi da Baba duk Gobirawa ne, zanen fuskarsu iri ɗaya, amma ba sa haɗuwa su rabu ba su yi gardama a kan wane ɓangare ne ya riƙe Gobir ta gaskiya ba. Baba ya ce Alƙalawa, tsohon birnin, a wajenmu yake. Shi kuma ya ce ai kango muka riƙe, mutanen suna wajensu. Mu yara dalili ɗaya ya sa muke son zuwansa: ba ya cin abin kirki. Akushi kan dawo kusan yadda ya tafi, har da tsokar nama a sama, wadda na fi zargin da gangan yake bari.

Abin da Baba bai taɓa yi ba shi ne cin abincin sayarwa. A ganinsa, magidanci mai mata da rumbu in ya zauna a rumfar mai tuwo a kasuwa, to ya sanar da duniya ɗaya daga cikin biyun ya lalace. Ranar kasuwa da gorar furarsa yake tafiya. Ni ne na fita zakka. Tun da na fara koyarwa a Isa nake cin abincin waje, na yi aure ban daina ba, har na zama gwani. Na san mai shinkafar da ludayinta ke da zurfi, na san wadda ke karkata hannu in ta ga baƙuwar fuska, na san mai yanka naman da ake hango hasken rana ta cikinsa. In na ba Baba irin wannan labarin, sai ya dube ni kamar na ce masa na fara caca.

Sai 'yan bindiga suka hana mutanenmu zama. Ba zan tsaya ba da wannan labarin ba, kowa a ƙasarmu yana da irinsa, na wasu ma ya fi namu muni. Baba da Inna sun fito da rayukansu, rumbuna suka zauna can, daga baya muka ji su ma ba su zauna ba. Na so su zo Isa wurina, Baba ya ce ba zai koma ƙarƙashin ɗansa ba yana da sauran ƙarfi. Wani ɗan'uwan Inna a Sabon Birni ya ba su ɗaki ɗaya a bayan gidansa, tsakanin ɗakin girki da inda ake ɗaure tumaki. Zauren gidan na mai gidan ne, kuma babura ne a ciki. Abin da Inna ta ɗauko a ka ranar da suka fito akushin nan ne, ta cusa zannuwanta a ciki. Akushin ya shiga ƙarƙashin gado ya zauna, don tuwon mutum biyu da aka auno da gwangwani ba ya buƙatar akushi. Baba bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba. Ya dai daina ɗaga murya. Mutumin da ake jin sallamarsa tun daga bakin gona ya koma sai ka matso kake jin abin da ya ce, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Damina ta wuce, wata daminar ta wuce, Baba bai yi baƙo ba. Sai wata rana ya kira ni a waya, abin da ba ya yi, ya ce in zo ranar kasuwa. Baban Faransa ya aiko cewa zai shigo Sabon Birni da kaya, a ranar zai juya, kuma yana so su gaisa. Na hau kabu-kabu da safe, na iso na tarar da su zaune a ɗakin, shi da Inna, kowa na kallon nasa bangon.

"Na ce za ni tuƙa mishi tuwo," in ji Inna. "Ya ce a'a."

"A kai shi ina?" Baba ya ce. "Zaure, cikin babura? Ko nan za ni kawo shi, shi zamna tsakanin tumaki?"

"Ai ya san abin da yas same mu."

"Ya sani. Ba sai ya gani ba."

Ganin ba wanda zai sauko, sai na ce akwai wani sabon gidan abinci kusa da tasha, mai kujeru da fanka, inda manyan mutane ke kai baƙinsu. Na zaci zai kore ni. Sai ya tambaye ni abu ɗaya.

"Suna cika kwano?"

Na ce suna ƙoƙari, abin da a iya sanina ba a taɓa zarginsu da shi ba. Na ce ni zan biya. Ya ce baƙonsa ne ba nawa ba, ya dafa aljihunsa. Na san abin da ke ciki, don akuya ɗayar da ta rage wa Inna ban gan ta a tsakar gida ba. Inna ta miƙo masa hularsa ta Juma'a.

Gidan abincin nan na san shi, na taɓa shiga wani wata da aka biya mu albashi a kan lokaci. Ƙofar gilashi gare shi, da janareto, da talabijin da ba a kashewa, da hotunan abinci a bango, kowane hoto ya ninka abin da ake kawo wa mutum. Ra'ayina a kan irin waɗannan wurare bai canza ba har yau: fanka kake saye, abincin gyara ne. A rumfar kasuwa kana ganin tukunya, kana ganin hannun mai zubawa, kana iya cewa "haba Hajiya" a ƙara maka rabin ludayi. Nan kuwa tukunyar na bayan labule, abin da ya fito ya fito, ba wanda za ka ce wa haba. Matar da ke da wurin tana zaune bakin ƙofa ta tsare aljihun tebur, wani magidanci mai jar hula shi ke kai da kawowa.

Mun tarye Baban Faransa a tasha. Ya ƙara ramewa, rawanin ya ƙara girma. Suka riƙe hannun juna suka daɗe suna gaisawa, gida, iyali, gajiya, ruwa, ba wanda ya ambaci ƙauye. Na zaunar da su a teburin da ke ƙarƙashin fanka, ni kuma na koma na gefe, tunda ba zan zauna ina cin abinci gaban ubana da abokinsa ba. Baba ya ce a kawo tuwo.

Aka kawo. Faranti ne fari mai faɗi, a tsakiyarsa malmala ɗaya ta tuwon shinkafa naɗe a leda, ba ta kai dunƙulen hannuna ba. Ga miyar kuka a wani ɗan kwano irin wanda ake ba kaji ruwa, da yankan nama guda yana leƙowa. Baba ya dubi nasa, ya dubi na abokinsa, ya dubi mai jar hula.

"Wanga na ɗanɗano na?"

"Hwaranti guda ke nan, Baba."

"To ina tuwon?"

"Shi na wanga."

Baba ya yafito ni da hannu ya tambayi kuɗin, na faɗa masa a kunne. Na ga leɓensa na motsi, na san abin da yake yi: mayar da kuɗin gero yake, don Baba bai san darajar komai ba sai ya auna shi da tiya. Ya gama awonsa, ya haɗiye, ya ce, "Ba komi." Ya yi bisimilla, ya ɗauki loma ɗaya yadda ya saba, sai ya ga rabin malmalar ta tafi. Ya janye hannu, ya tura sauran gaban abokinsa, ya kama hira a kan farashin wake.

Baban Faransa ya cinye nasa. Ya cinye na Baba. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun ina yaro: ya lanƙwasa yatsa ya bi kwanon miya ya suɗe shi tas, ya tauna naman har guringuntsi, ya ce alhamdu lillahi. Baba ya leƙa farantin. Ba komai a ciki sai leda. Na ga fuskarsa ta koma irin ta ranar mai sayen fata.

"A ƙaro," ya ce.

Aka ƙaro. Baban Faransa ya dubi farantin, ya dubi Baba, ya ce ai da an bari. Baba ya ce bisimilla. Ya cinye, ya suɗe. Aka sake ƙarowa. Daga nan hira ta mutu. Mutum biyu da ba a iya raba su in sun fara gardama suka zauna, ɗaya na ci, ɗaya na kallon faranti kamar mai jiran ruwan shuka. Tuwon shinkafa ya ƙare a gidan, mai jar hula ya ce sai sakwara. Baba ya ce a kawo. Ita ma a leda take, ita ma ƙanwar waccan ce. Sakwara ta ƙare aka koma shinkafa da miya, wadda suke dannawa a kofin shayi su kife a faranti, su ɗora mata yankan kabeji don ta yi kwarjini.

Baban Faransa ya warware rawaninsa ya ajiye a cinya. Can ya sa hannu ƙarƙashin riga ya sassauta zariyar wando. Gumi na bin zanen fuskarsa yana ɗiga daga haɓa. Yana ci a hankali, da natsuwa, irin ta mai shan magani, kuma kowane faranti sai ya share shi fes. Mai jar hula ya daina kwashe farantan, ina jin so yake ya ga iya tsawon da za su yi. Samarin da suka shigo kallon ƙwallo suka juyo da kujerunsu. Mai wurin ta taso da kanta ta karkato musu fanka ta biyu, ta ce wa Baba "sannu Alhaji," alhali Baba ko filin jirgi bai taɓa gani ba.

Ni kuma ina gefe da ruwan leda ɗaya, haushi na cina. Ina jin haushin farantin, ina jin haushin mai wurin, ina jin haushin Baban Faransa da ya zaɓi yau ya zama maci, bayan duk shekarun da ya yi yana tsakurar tuwon kyauta. Akuyar Inna nake gani tana shiga bakinsa ƙafa-ƙafa. Na matsa na ce wa Baba a kunne ko a bari haka. Bai ko dube ni ba.

"Ba shi tashi gabana da yunwa," ya ce a hankali. "Gida na rasa. Ban rasa wanga ba."

Kiran sallar azahar ne ya cece mu. Baba ya riga mu fita. Baban Faransa ya miƙe da ƙyar yana dafa tebur, ya kama hannuna, muka nufi inda aka jera butoci. Ya tsuguna, wato ya yi niyyar tsugunawa, ya tsaya a rabi.

"Ɗana," ya ce, "hwaɗa ma ubanka shi ji tsoron Allah. In anka kawo wani hwaranti, salla biyu za a yi nan, ta azahar da tawa."

"To Baba, mi yah hana ka ragewa?"

Ya dube ni kamar na zage shi.

"In rage ma wa? Can gida in na rage, ku nika rage ma, cikin gida shika komawa. Nan in na rage, mai jar hula shi kwashe shi zuba ma karnuka. Wanga tuwon kuɗɗi na. Na san abin da yas same ku, na san ubanka ba shi da rumbu yanzu. Ni in bar kuɗɗinai cikin hwaranti in tashi? Ban iyawa." Ya ja numfashi. "Kuma ko na so, abin ga kahin ka tuna da ladabi ya ƙare."

Sai haushin ya sake ni, kunya ta kama ni a madadinsa. Ashe tun da suka zauna kowannensu mutuncin ɗan'uwansa yake karewa, kuma in aka bar su a haka, ɗaya zai ƙare da aljihu wayam, ɗaya a gadon asibiti.

"Baba," na ce, "ubana saura shika jira. Tun da sunka baro gida bai samu wanda za shi ce ma 'ba ka ci komi ba.' Shi ɗai shika so shi hwaɗa."

Ruwan buta ya yi ta zuba a ƙasa bai lura ba.  Sannan ya goge fuskarsa da gefen rawani, ya ce gumi ne, ko da yake ban tambaye shi ba.

"Ashe," ya ce. "To a kawo guda. Amma don Allah ba sakwara ba."

Bayan salla muka koma. Baba ya riga ya sa an kawo, shinkafa ce, an ɗora mata kabejinta. Baban Faransa ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki, ya daɗe yana taunawa. Ya ƙara rabin cokali. Sannan ya ajiye, ya ture farantin da bayan hannu a hankali, yadda yake ture akushi a zaurenmu, naman na nan a sama bai taɓa ba.

"Alhamdu lillahi."

Baba ya leƙa. Ya ɓata fuska. Sai muryar nan da na zaci an baro ta ƙauye ta fito gaba ɗayanta, har ta danne ƙarar janareto.

"Haba! Ba ka ci komi ba!"

Mai jar hula ya dubi tulin farantan, ya dubi Baba. Ɗaya daga cikin samarin ya ce innalillahi. Baban Faransa ya ce wallahi ya ƙoshi, kuma ina jin tun da aka fara wannan rantsuwar a ƙasar Gobir ba a taɓa yin ta da gaskiya irin ta ranar ba. Baba ya ce ƙarya ne, a ƙara ko loma guda. Na ga tsoro ya gifta a idon baƙon, amma ya dake ya sake rantsewa. Baba ya girgiza kai ya ce shi ya sa kullum yake kamar kara, mutanen Faransa ba su san ci ba. Daga nan gardamar Alƙalawa da Tsibiri ta tashi daga inda ta kwanta, suka yi ta yi har mai wurin ta rage sautin talabijin don ta ji.

Da mai jar hula ya miƙo hannu zai ɗauke farantin ƙarshe, Baba ya dafe shi.

"Wanga ba naku na ba. Ba ni leda."

Aka juye masa. Ya biya bai nemi ragi ba, mutumin da ko allura ba ya saye sai ya yi ciniki. Abin da ya rage a aljihunsa bai isa kabu-kabu ba. Da muka fito ya waiwaya ya dubi ƙofar gilashin, ya ce, "Wurin ga ba tsada." 

A tasha Baban Faransa ya sauke wani ƙulli na dabino da cuku ya ce a kai wa Inna, a gaishe ta, a ce mata lokaci ya ƙure, da ya je da kansa. Motarsu ko rabi ba ta cika ba, amma ba wanda ya nuna ya lura. Mutum biyu ne suka taimaka masa ya hau.

Muka ratsa kasuwa a ƙafa, ni da ƙullin dabino, Baba da baƙar leda a hannu. Mutumin da bai taɓa yarda a gan shi da abincin sayarwa ba, ga shi yana tafe da shi a fili, yana gaisawa da mutane da ƙarfi, har da waɗanda bai sani ba.

Inna na zaune bakin ƙofar ɗaki. Tukunyarta a kife take, ban ga alamar ta hura wuta ba tun fitarmu. Ba ta tambayi lafiyar baƙo ba, ba ta dubi dabino ba. Baba ya miƙa mata ledar.

"Ya rage," ya ce.

Ta karɓa ta shiga ɗaki. Na ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da akushin, ta kwashe zannuwan da ke ciki ta aza a tabarma, ta goge shi da gefen zanenta. Ta juye shinkafar a ciki, ta gyara naman ya koma sama, ta rufe da faifai. Ta ajiye a gabanta ta zauna, kamar yanzu aka shigo da shi daga zaure. Sannan ta ɗaga faifan ta leƙa. 'Yar shinkafar nan da ta zama abin tausayi a faranti, a ƙasan akushi sai ta yi daidai da duk sauran da na taɓa ganin ya dawo.

"Wanga baƙo bai ci komi ba," ta ce.

Baba ya ce ai ya faɗa masa. Ta turo mini akushin.

"Ungo, ƙarasa."

A lokacin ina da 'ya'ya a makaranta da furfura a gemu. Na zauna a ƙasa tsakanin ɗakin girki da tumaki, na sa hannu. Shinkafar ta huce, miyar ruwa-ruwa ce, naman kuma da shi da takalmin roba ban san wanda ya fi tauri ba. Su biyun kuwa suna zaune suna kallona. Na cinye, na lanƙwasa yatsa na suɗe akushin tas. Ni ba baƙo ba ne.